Yatsun Hamid Mai Kamanja

Hamid mazaunin unguwar Alsahafa ne, kuma da kamanja yake ciyar da iyalinsa, wato gogen nan na zamani da ake kafawa a kafaɗa. Mahaifinsa ya ƙare rayuwarsa yana tsinkar auduga a gonakin yankin Jazira, shi kuwa Allah ya sa abincinsa a yatsunsa. A shekarun mulkin soja sana'ar kiɗa ta yi wuya, domin an ƙayyade lokacin da kowane biki zai tashi. Saboda haka da aka gayyace shi wata babbar hafla, wato taron kiɗa da waƙa, a wani fili a birnin Umdurman, bai tsaya dogon bincike ba.

Wanda ya shirya haflar shi ne Muntari, wani ɗan kasuwa da bai taɓa haɗa taron da ya wuce na ɗaurin aure ba. Ya cika gari da hotuna, ya sayar da tikiti fiye da abin da filin zai ɗauka. Ƙofa ɗaya ya bari a buɗe, ruwan sha babu, kujerun da ya yi alkawari ma yawancinsu ba su iso ba.

Da la'asar Hamid ya hau dandamali don gwada sauti, sai ya ji katako na lotsawa a ƙarƙashinsa. Da ya leƙa, ya ga ashe tsofaffin gangunan mai aka jera aka ɗora alluna a kai, ƙarfen da ke riƙe da fitilu kuma da igiya aka ɗaure shi. Ya nemi Muntari ya faɗa masa.

"Ya ustaz, kai dai yi kiɗanka," in ji Muntari. "Allah ne mai kiyayewa."

Hamid ya dubi sauran makaɗa, kowa ya sunkuyar da kai yana gyaran kayansa. Ya ji nauyin a ce shi ne mai kawo cikas, ya koma ya zauna.

Aka yi magariba, aka yi isha'i, mawaƙin da jama'a suka zo dominsa bai iso ba. Janareta na tashi yana mutuwa. Mutanen da suka yini a tsaye cikin ƙishirwa sun san lokacin tashi ya kusa, ga shi ba su ji ko baiti ɗaya ba. Na baya suka fara turo na gaba. Muntari ya ce makaɗa su tayar da kiɗa a lallashi jama'a. Hamid ya ɗora kamanja a kafaɗa ke nan, sai taron ya danno dandamalin. Gangunan suka goce, ƙarfen fitilu ya faɗo masa a hannun hagu.

Ba a tanadi motar asibiti ba. Da ƙyar aka ratsa da shi cikin turmutsitsi, aka sa shi a raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku. Kafin a kai shi wurin likita aikin gama ya gama, dole aka yanke masa yatsu uku.

Matarsa Kubra ta naɗe kamanjar a tsohon mayafi ta ajiye, ta fara toya kisra, wata irin wainar dawa marar kauri, tana sayarwa a bakin titi. Muntari ya zo dubiya, ya ce ƙaddara ce, su yi haƙuri.

Bayan 'yan watanni Hamid na cikin bas, ya hango sababbin hotuna a bangon kasuwa. Muntari ne ya sake shirya wata hafla, a filin da ya fi na da girma. Mutane sun yi layi suna sayen tikiti.

Jama'a, kada mu riƙa kiran sakaci ƙaddara. Duk wanda ya tara mutane, amanar rayukansu na wuyansa. Wanda kuma ya ga haɗari ya yi shiru don jin nauyi, ya sani wataƙila a kansa zai fara faɗowa.