Notin da Damtse Ya Ɗaure

Barewa ba shi da abin da yake ji da shi kamar kekensa na tsere. Na kabon ne, wani sinadari mara nauyi, ba ƙarfe ba, da yatsa biyu ma sai ka ɗaga shi. Ranar Asabar za a yi tseren zaɓen masu wakiltar ƙungiyarsu ta 'yan keke, kuma ya daɗe yana haɗa gumi saboda wannan rana. Sai ga kan keken ya fara girgiɗi.

Ya tura shi rumfar wani mai gyara da ake kira Damtse, mutumin da bai taɓa yarda akwai abin da bai sani ba.

"Baba, ga lamba nan kusa da notin," in ji Barewa. "Iyakar ƙarfin ɗaurinsa ke nan. Da sifana mai awo ake yi, don kabon ba ya son matsi."

Abin haushi, sifanar tana nan rataye a ƙusa, ko ledarta ba a cire ba!

Damtse ya yi tsaki. "Kai yaro, tun ba a haife ka ba nake ɗaure noti. Hannuna shi ne awo."

Ya ɗauko tsohuwar sifanarsa, ya zura mata bututu don ƙarin ƙarfi, ya danna har da cije leɓe. Barewa ya ji wata 'yar ƙara kamar an karya tsinken ashana. Amma nauyin babba ya rufe masa baki. Bai san kabon ya riga ya tsage ta ciki ba.

Ranar Asabar shi ne a gaba. A tsakiyar gangara ya matsa burki zai sha kwana, kan keken ya ɓalle a hannunsa.

A asibiti ya farfaɗo da karayar ƙugu. Likita ya ce zai taka, amma da sanda. Tsere kuwa ya ƙare.

Damtse ya zo dubiya, ko kunya babu. "Sannu yaro. Ƙaddara ce, ga kayan zamani ba ƙwari."

Barewa ya juya fuskarsa bango, hawaye na zuba. Mahaifiyarsa ce ta miƙe.

"Malam, ƙaddarar ce ta zura maka bututun?"

Jama'a, kowane noti da iyakarsa, kuma daɗewa a sana'a ba ya maye gurbin awo. Mai gyara, yi aiki da kayan da ya dace. Mai keke, in ka ga ganganci, buɗe baki ka ɗauke kayanka, domin ƙashinka ne zai karye, ba na mai gyara ba.