Kujerar Motar Alhaji Maikano

"Kujerar nan kullum sai ta matse ni da sitiyari!" Alhaji Maikano ya ce wa Sagir mai wayarin a Tudun Wada. Ya rantse ƙanin matarsa ne ke satar tuƙa motar yana matso da kujerar. A kan haka har matar ta yi yaji.

Sagir ya gwada sensar da ke gane inda kujera ta tsaya, ya bi wayoyinta kaf, ya miƙe yana sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, sensa lafiya lau. Kujerar ma tana can ƙurewar baya."

"To me ke matsowa?"

"Tumbinka ne, Alhaji. Tun da ka ci kansila yake tahowa."