Jakar Mutum Biyu

Ong Pi-hsia ta gane ɗinkinta tun kafin yarinyar ta gama warware laimar a ƙasan shago. Faci ne mai tsawon kamu ɗaya a gefen hagu, da baƙin zare, domin ranar da ta yi shi jan zaren ya ƙare mata. Laimar mijinta ce, wadda ya ce ya sayar tun bara.

Shekara ashirin da bakwai ke nan tana gyaran laimomin da iska ke jan masu hawan ruwa da su a Magong, babban garin tsibiran Penghu, tana sayar da jakunkuna da igiyoyi. Mijin, Yen Kun-shan, malamin hawa ne, iska yake bi. Daga Oktoba zuwa Maris, lokacin da iskar arewa ke dukan Penghu, yana gida. Sauran watannin yana gaɓar Hsinchu yana koyarwa. Ba su haihu ba. Tun kafin aure ya gaya mata mai bin iska ba ya riƙon yara, ita kuwa lokacin tana ashirin da huɗu, duk abin da ya faɗa hikima ce.

Saura mako biyu Oktoba ta kama, kuma bana sau uku kacal ya kira. Abu ɗaya take son sani, ko zai dawo.

"Anti, jaka nake so ta mutum biyu," in ji yarinyar. "Allon hawa biyu, laima huɗu. Vietnam za mu je ƙarshen Janairu. Kyauta ce, bai sani ba, shi ya sa na sato kayansa in gwada. A jikin allonsa na ga sunan shagonki."

Ƙarshen Janairu tsakiyar iskar Penghu ne. Pi-hsia ta ajiye wannan a ranta, ta dubi yarinyar da kyau. Ba ta fi ashirin da 'yan kai ba. Ba wata kyakkyawa ba ce, ga manyan kunnuwa, kuma wannan ya fi ɓata mata rai.

Ba ta taɓa yaudarar kanta ba. Namijin da ke barin gida rabin shekara, ba duk lokacinsa yake ɓatawa wajen duba hasashen yanayi ba. Ta daɗe da ɗaukar irin waɗannan matan kamar zafin bazara, a sha wahala, ya wuce. Kowace Oktoba yakan sauko daga jirgi da ƙullin taliyar shinkafa da ciwon baya. Kuma akwai abin da ta san babu macen da za ta taɓa mata shi: haihuwar da suka haƙura da ita, su biyu suka haƙura.

Yarinyar ta nuna wata jaka ruwan lemo mai laushi, marar taya.

"Wannan ta masu ƙashin bayan aro ce," in ji Pi-hsia. Ta jawo wata baƙa daga ƙarƙashin kanta. "Ɗauki mai taya. Bayansa..." Ta gyara murya. "Duk mai hawan tsohon allo irin wannan, bayansa ya gama aiki."

"Kamar kin san shi. Kullum yana manne da filasta, yana cewa ƙalau yake." Ta shafa rubutun da ke gefen jakar. "Me ya sa aka rubuta golf?"

"Don ma'aikatan jirgi. Sun fi ganin mutuncin masu golf. Ki sa fuskar 'yar masu hali, kada ki yi surutu."

Suka durƙusa suka hau shiri. Allo a ƙasa, laimomi a tsakiya, allo a sama, rigunan ruwa a kusurwoyi don kada a fasa baki. Yarinyar ta naɗe laimar da hannun hagu, gwiwa ɗaya a kai, harshenta tsakanin haƙora. Pi-hsia ta kau da kai. Ya koya mata komai ke nan, har da harshen.

Sikeli ya nuna kilo ashirin da huɗu da rabi.

"Ashirin da uku ake yarda. Cire famfon hura laimar, za ku samu aro a can."

"Ba zai yarda ba, Anti. Wai famfon aro da buroshin haƙorin aro duk ɗaya ne."

Pi-hsia ta yi murmushi daidai gwargwado, kamar yau ta fara jin maganar. Ta cire rigar ruwa ɗaya, ta ce a saka ta a jakar hannu.

Tana jan zif ɗin ta ji hankalinta ya ɗan kwanta. Da wannan za ta iya. Yarinya ce mai dariya da yawa, shi kuwa saura kaɗan ya cika sittin, yana minshari, ba ya cin yaji. Mako uku a ɗaki ɗaya ya isa. Zai dawo a Fabrairu, ya rame, ya yi baƙi, ita kuma ba za ta tambaye shi komai ba. Har ta ji tausayin yarinyar, ta ƙara mata makulli kyauta.

Al'adar shagon ce a ɗinka sunan mai jaka a kan marfi. Ta zauna gaban keke, ta zura farin zare, ta ɗora ƙafa.

"Wane suna, 'yan mata?"

"Yen Tzu-ning," in ji yarinyar, tana laluben wayarta. "Amma ki sa na Baba a sama, Yen Kun-shan. Shekarata ashirin da uku, sai bana ya yarda ya bar aikin Penghu mu ci sabuwar shekarar gargajiya tare."