Guɗar Kulu

Tun da kamfanonin waƙa suka bar wa na'ura aikin saurare, baƙuwar ƙara ɗaya tak a cikin sauti ta isa a dawo wa mawaƙi da waƙarsa. In kuma an karɓi gyararriya, tsohuwar sai ta ɓace daga kowace waya.

Baba Sallau mai kukuma ya kawo tasa da aka dawo masa da ita sutudiyon Marwanu a Funtuwa.

"Baba, waƙarka ba laifi," in ji Marwanu. "Wata ce ta rangaɗa guɗa a tsakiya. In na goge, za su karɓa."

"Kulu ce, mai ɗakina. Tana tankaɗe, baitin ya yi mata daɗi. A zamaninmu, waƙar da ba ta sha guɗa ba ai ɗanya ce."

"To mu sake ɗauka, a roƙi Inna ta yi shiru."

"Ta yi shirun, ɗan nan. Tun bara."

Marwanu ya janye hannunsa daga kan kwamfuta. "Allah ya jiƙanta."

"Amin. Goge, ita ce ta matsa in kai musu. Amma mayar da ni wurin guɗar tukuna, ka ƙara murya."