Jan Gashi a Wandon Zenobio

Ranar wanki Doña Hermelinda ta tsinci gashin a wandon mijinta. Gajere ne, ja, kuma ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ta ɗaga shi saitin rana ta ƙanƙance ido, don idon nata ya daɗe da fara yi mata rowa.

Ta bi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya. Ita dai kanta fari fat. Zenobio kuwa tun yana saurayi sanƙo ya cinye masa kai. Na ukunsu Obispo ne, shi kuma duk garin Monsefú an san karen tsirara ne, irin na kakanni, wanda aka halitta ba ko sili ɗaya. To gashin wa ke nan?

Mutum ɗaya ce mai jan kai a unguwar, Clorinda mai gyaran gashi, bazawarar nan da ke rina kanta tana yi wa mazan mutane dariya har da dafa kafaɗa.

Kafin zuwan Obispo, sanyin ƙashi ya kwantar da Hermelinda. Gwiwoyinta suka kumbura, aka yi allura, aka sha saiwa, shiru. Tsofaffi suka ce maganin ɗaya ne, a samo karen tsirara ya riƙa kwana a kan gwiwar, ɗumin fatarsa ya zuƙe ciwon. Zenobio ya bazama nema gari gari, har ta fara fid da rai, sai ga shi da ɗan kwikwiyo a cikin hula. Ba a yi nisa ba ta miƙe, ta koma dafa shinkafa da agwagwa, ta koma faɗa da maƙwabta.

Tun daga nan karen ya zama mai gida. Ta sa masa suna Obispo, wato Bishop, babban limamin coci, don aikinsa bai wuce ya zauna a yi masa hidima ba. Ta saƙa masa riguna saboda iskar teku, ta hana shi rana kada ya ƙone, tana shafe shi da man zaitun. Wani lokaci takan ji fatar ta yi kaushi kamar harshen kyanwa, sai ta tsine wa rairayin garin ta ƙara mai. Ga alfahari: irin waɗannan karnuka giɓi ne gadonsu, amma nata haƙora cike da baki, ƙashin agwagwa ma ruƙus yake yi da shi.

Zenobio malalaci ne na buga misali, ko kujera ba ya gyara wa zama. Amma duk bayan kwana biyu sai ya fita yawo da Obispo, ko da zazzaɓi a jikinsa, su dawo suna ƙamshin sabulu mai tsada. Da tana yaba masa. Yanzu ta gane, ashe kare uzuri ne.

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Aure ya haura shekara arba'in, ta haƙura da minsharinsa da shan giyar masara, sai da tsufa zai mai da ita abin nuni a bakin coci? Ta yi kukanta a bayan shanya, ta share, ta yanke shawara. In ta tabbata, gidan 'yarta a Chiclayo za ta koma, ita da karenta, shi ya ci kansa.

"Tsohuwa, za mu ɗan miƙe ƙafa ni da Mai Girma," in ji Zenobio da la'asar.

"A dawo lafiya, tsoho. Kada dai ka gajiyar da kanka."

Ta ɗauki ludayin katako ta bi bayansu. Suka wuce coci, suka wuce kasuwar kifi da jajayen karnukanta masu bin bola, suka sha kwana. Zenobio ya waiga hagu da dama, ya faɗa ƙofar bayan shagon Clorinda. Aka saki labule.

Ta kanga kunne a jikin ƙofa.

"Riƙe da kyau mana, Don Zenobio!" Muryar Clorinda ce, tana dariyar nan tata. "Shekara nawa muna yi, har yau hannunka rawa yake."

"Ke dai yi sauri, kada tsohuwa ta ga mun daɗe."

Hermelinda ta sa ƙafa ta banke ƙofar, ludayi a sama.

Zenobio ya zube a gabanta, sanƙonsa na tsatsafo da gumi. "Ki yafe mini, Hermelinda. Na so in faɗa miki tun farko. Amma da na ga kin miƙe kina tafiya, sai bakina ya mutu."

Ta rasa abin da ya haɗa tafiyarta da wannan abin kunya. Ta ture shi gefe don ta isa ga mai jan kan.

Clorinda na tsaye da reza a hannu, a kan teburinta kuwa ga Mai Girma Obispo cikin kumfa har wuya, yana kaɗa wa uwar ɗakinsa wutsiya, an aske masa rabi, ɗaya rabin kuma ja wur da sabon tsiro, sak 'yan'uwansa na bolar kasuwar kifi.