Matar da Ta Saya wa Ido Abin Kunne

Tunda sayen abin sauraro ya kawo maganar, gyara zama in buga maka misali.

An yi wata mata a Azare, mai buga takardu a wani ofis tun zamanin tafireta har aka kawo kwamfuta. Mahaifiyarta zabiya ce ta kiɗan ƙwarya. A da, ba a suna ko biki a unguwarsu sai an kife ƙwarya a ruwa an aika a kira ta. Ta rasu shekara talatin ke nan, ba ta bar ko hoto ɗaya ba, sai wani kaset da maƙwabcinsu ya ɗauka da rikoda ranar wani suna a gidansu. Kaset ɗin ya yi shekaru a ƙasan akwati, don rikodar gidan ta daɗe da mutuwa, sai bana aka juye mata shi cikin waya, minti arba'in da 'yan kai. To amma a ina za ta ji shi? A ofis su shida ne a ɗaki guda, a gida kuwa ga jikoki ga talabijin. Kuma muryar uwa ba abar da za a saki a fili ba ce, ana ji ana hira a kanta. Sai aka ba ta shawara ta nemi hedfon, abin nan da ake kifawa a kan kunnuwa sauti ya zama naka kai kaɗai.

Ta je rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda yanzu yake haɗawa da sayar da kayan waya. Ya ajiye mata guda biyu. Ɗaya ƙato ne, baƙi wuluk, yana ƙyalli, da 'yar wuta shuɗiya a gefe, in ya buga kiɗa har a ƙirji ake ji. Ɗayan ruwan toka ne, ba wani fasali, sakayau a hannu, sosonsa laushi kamar auduga. Dattijon ya dubi tabaraunta, ya dubi 'yan kunnenta da ɗaurin ɗankwalinta, ya ce, "Hajiya, mai ƙyallin nan yana da matsi. Ki sa shi ki zauna a bencin nan ko na rubu'in awa. Ba a sanin halin hedfon a tsaye." Ita kuwa hankalinta na kan 'yan matan ofis, masu ce mata Mama suna dariyar tsohuwar wayarta. Ta ɗora shi a ka na ɗan lokaci, ta cire, ta ce, "Malam, na ji sautinsa, ya yi mini. Naɗe shi."

Ranar Litinin kuwa ta sha yabo, kowa sai ya ɗauka ya juya. Da aiki ya lafa ta sa shi, ta danna waya. Ƙwarya ta ɗauka, amma dukan ya yi nauyi har ya danne muryar mai waƙar, sai can ƙasa ake jiyo ta kamar daga cikin rijiya. Kafin waƙa ta biyu ta ƙare, ƙarfen tabarau ya nutse mata a bayan kunne, 'yan kunne suna sukar wuyanta, gumi ya jiƙa gefen ɗankwali, kai ya fara sara. Ta cire. A gida bayan la'asar ma haka. Mako biyu cur ba ta taɓa wuce waƙa ta biyu ba. Abin da ya tsorata ta shi ne ranar da ta tuna da muryar mahaifiyarta, sai ta ji ciwon kai ne ya fara zuwar mata a rai, har tana jin nauyin ɗauko wayar.

Ta koma rumfar. Dattijon ya kakkaɓe benci, ya miƙo mai ruwan tokar. Ta sa, ta zauna nan tsakiyar kasuwa. Waƙa ta biyu ta wuce, ta uku ta shigo, ta manta ma akwai wani abu a kanta. Muryar ta fito tar, da 'yar dusashewar nan da take yi in ta ja baiti. A bayanta ga ƙarar awarwaron masu amshi, ga guɗa, ga kukan ƙyauren langa-langa na zaurensu, wanda aka rushe tun tuni. Can wajen ƙarshe kiɗa ya tsaya, ashe mai rikoda ya manta bai kashe ba. Sai ga mahaifiyar da muryarta ta tsakar gida, tana haki tana dariya: "Kande! Ke Kande, kawo mini ruwa a moɗa, maƙogwarona ya bushe." Wata siririyar murya ta amsa daga nesa, "To Inna, ga ni nan." Muryar Hajiyar ce da kanta, tana 'yar shekara goma sha biyu. Rabon da wani ya kira ta da wannan suna tun ranar da aka kai tsohuwar makwancinta. Hawaye suka gangaro ta ƙarƙashin tabarau, dattijon ya kawar da kai ya shiga kwance wata rediyo da ba ta da laifin komai, har sai da ta gama.

An gaya wa kunnenta gaskiya bai ɗauka ba, sai da wuya da kai suka sha matsa sannan ta yarda. Da gaskiyar masu iya magana da suka ce, jiki ya fi kunne ji.