Hannun Rigar Makaniki

Katikis yana cikin shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur ya lura Makaniki ya sauya wurin zama.

Kullum a gaba yake zama kusa da mai ganga, don shi ne ke ɗaga waƙa. Yau kuwa ya koma bencin baya, daidai ƙeyar Tela. Ga zafi kamar a gasa mutum, amma ya sauke hannun rigarsa har ya rufe yatsu.

Wannan zaure shi ne mafi ƙanƙanta cikin rassan babban cocin Katolika na tsakiyar gari. Fada yakan zo yin Misa idan ya gama da reshen asibiti da na 'yan kasuwa. Sauran Lahadi Katikis ne ke karanta Bishara, ya koyar da masu shirin baftisma. Bagadensu tebur ne mai gurguwar ƙafa, tagarsu ɗaya ce can sama, zauren ma aro ne. Bara da aka yi dambe a ciki, Oga, mai iko da wurin, ya sa masa kwaɗo wata da watanni, sai da Fada ya yi ta sintiri yana ba da baki.

"Ko tari mai ƙarfi na ji, kun gama ibada a nan," in ji Oga ranar da ya buɗe.

Tela baƙo ne, bai daɗe da zuwa ba. Tun zuwansa ake raɗe-raɗin cewa shi ya nuna gidan da ƙanen Makaniki ya ɓuya, har mutane suka je suka kashe shi. Gaskiya ne ko sharri, Katikis bai sani ba. Abin da ya sani, Makaniki ya daina cin abinci, ya daina raha, jiya kuma an ji shi a bayan banɗaki yana goga wani abu a jikin siminti.

Fada ya shigo da ɗan akwatinsa yana sharce gumi.

"Katikis, yaya garken namu?"

"Da godiya, Fada."

Ya so ya gaya masa zancen Makaniki, ya fasa. Masu tsaron ƙofa biyu suna tsaye, kunnuwansu a buɗe. In ya faɗa, za a yi ram da Makaniki, a rufe zauren, kuma wannan karon ba ranar buɗewa. In ya yi shiru, jini zai zuba a gaban Jikin Ubangiji.

Aka fara Misa. Waƙar ta fito a raunane, babu mai ja. Katikis ya tashi karatu, sau da yawa idonsa na tsallake layi yana komawa bencin baya. Da Fada ya ɗaga gurasa kowa ya durƙusa. Makaniki ma ya durƙusa, sai dai hannunsa na dama ya shige cikin hannun rigar hagu, bai fito ba.

Aka gama Addu'ar Ubangiji. Fada ya buɗe hannuwa.

"Ku yi wa juna gaisuwar salama."

Nan ne sahu yake wargajewa, kowa ya bar wurinsa. Tela ya juyo baya da murmushi, hannunsa a miƙe, bai san komai ba.

Katikis ya manta da ciwon gwiwa. Ya ratsa tsakanin bencina, ya bangaje wani, ya faɗa tsakaninsu, ya rungume Makaniki, ya damƙe masa wuyan hannu. Ya ji abin a ƙarƙashin yadi: mariƙin cokali ne, an wasa shi ya yi tsini.

"Salamar Ubangiji, ɗana," ya ce a kunnensa.

"Baba, sake ni."

"Sai dai ka fara da ni."

"Ƙanena ne fa. Ni na goya shi."

"Na sani. Sukar ba ta ɗaukar lokaci. Abin da ke biyo bayanta ne ba ya ƙarewa."

"Me ka sani a kai? Kai da ba ka san komai ba sai jan carbi?"

Katikis ya ƙara matse hannun. Ƙarfin saurayi ne da na tsoho, ya ji yatsunsa sun fara saki. Ɗaya daga cikin masu tsaron ƙofa ya miƙo wuya, ya yo taku.

"Lafiya a can?"

"Kewar gida ce, ranka ya daɗe. Bar shi ya yi kukansa."

Kamar dama kalmar nan Makaniki yake jira. Kafaɗunsa suka sauka, ya kifa kai a wuyan tsohon ya fashe da kuka na gaske. Ƙarfen ya sulalo cikin tafin Katikis.

Yanzu abin yana hannunsa, kuma tun damben bara ba mai fita sai an lalube shi. Ya karɓi Jibin Ubangiji da hannu ɗaya a dunƙule. Da aka sallami jama'a, ya naɗe farin ƙyallen da ƙarfen a ciki, ya miƙa. Fada ya karɓa, ya ji nauyin, ya tsaya. Ya dubi Katikis, ya dubi Makaniki da ke share ido.

"Ƙyallen nan ya yi datti," ya ce da ƙarfi. "Ni zan wanke shi da kaina."

Ya saka a akwati ya rufe, sannan ya rage murya. "Uwargidanka ta zo Misar safe. Ta ce in gaya maka jikarka ta fara tafiya."

"Allah ya raya ta," in ji Katikis.

Ya tsaya yana kallo har Fada ya wuce babbar ƙofa da akwatinsa. Sannan ya shiga layi a bayan Makaniki, ya ɗaga hannuwa aka lalube shi, ganduroba ya tasa shi gaba zuwa ɗakin masu ɗaurin rai da rai, inda yake kwana tun ranar da shi ma ya zaro nasa ƙarfen, ba a sami wanda zai riƙe masa hannu ba.